Ranar da tafin hannu ya kashe sabis

Idan kira ya tsinke, kamfanin layi ake fara tsine wa. Sau da yawa ya cancanta, amma abin da ya faru da iPhone 4 a Amurka ya nuna cewa wayar kanta, da hannun da ke riƙe da ita, suna da nasu kason laifin. An fara sayar da wayar ranar 24 ga Yunin 2010, kuma kafin mako ya zagayo masu ita suka lura cewa da sun damƙe ta da hannun hagu sai sabis ya zube. Dalilin yana jikin ƙirarta. Ƙarfen da ya kewaye gefenta shi ne eriya, an raba shi da ɗan tsagi a ƙasa ta hagu. Fatar mutum tana ɗaukar lantarki, musamman in da gumi, don haka tafin hannu yana haɗe ɓangarori biyun da injiniyoyi suka raba da gangan, eriyar ta kauce daga zangon da aka saita ta.

Kamfanin Apple ya kare kansa da cewa kowace waya tana raunana idan aka rufe ta da hannu. Wannan gaskiya ne, domin jikin ɗan Adam yawancinsa ruwa ne, ruwa kuwa yana shanye igiyar rediyo. Sai dai tare hanya daban, taɓa eriya tsirara daban. Sauran wayoyi sun ɓoye tasu a bayan roba. Hujja ta biyu ta fi nauyi. A taron manema labarai na 16 ga Yuli, shugaban kamfanin, Steve Jobs, ya ce kashi 0.55 cikin ɗari kacal na masu wayar ne suka kira kamfanin da wannan kuka. Amma adadin bai wanke ƙirar ba. Ƙarfin sabis da desibel ake auna shi, kuma faɗuwar desibel 20, irin wadda gwaje-gwajen lokacin suka nuna, tana nufin ƙarfin ya ragu ninki ɗari. Wanda ke zaune kusa da turken sadarwa yana da rarar da ba zai ji komai ba. Na bakin gari, wanda dama da kyar sabis ke isa gare shi, shi ne kiransa ke mutuwa.

Su kansu 'yan sandunan da ke nuna ƙarfin sabis a saman fuskar waya ba shaidu ne masu amana ba. Tun ranar 2 ga Yuli Apple ya amsa cewa lissafin da yake nuna su da shi kuskure ne, yana nuna sabis fiye da yadda yake. Babu wata ƙa'ida ɗaya da ta ɗaure kamfanoni a kan ma'anar sanda uku ko huɗu, kowa da mudunsa.

Maganin kuwa abin dariya ne don sauƙinsa. Mujallar Consumer Reports, wadda ta ƙi ba da shawarar sayen wayar, ta gano cewa ɗan salatif a kan tsagin ya wadatar, Apple kuma ya raba rigar roba kyauta, wadda da yake sayarwa dala 29. Rigar ba ta ƙara sabis ko kaɗan, shiga tsakanin fata da ƙarfe kawai take yi, kuma a nan ta bambanta da 'yan sitikun da ake tallatawa wai suna jawo sabis, alhali ba su haɗe da eriya, ba su da wutar da za su ƙarfafa komai. A Oktoban 2011 iPhone 4S ta fito da eriya biyu da wayar ke sauyawa tsakaninsu, in hannu ya danne ɗaya ta koma ɗayar.