Jan Mulufi Daga Ciyawa Yake Fitowa

Damina na kankama a fadamun Kamba da Bagudo, har zuwa Lolo a bakin iyakar Benin, sai ka ga namijin mulufi a kan karan shinkafa, ja wur, cikinsa baƙi. Da rani kuwa ko kallo bai ishi kowa ba, don ya koma ruwan ƙasa kamar matarsa. To, ina ya samo jan?

Baƙi da ruwan ƙasa jikin tsuntsu ne ke haɗa su da kansa. Rawaya da ja kuwa sai ya ci. Suna fitowa ne daga sinadarin karotinoyid, wanda tsirrai ke yi, shi ne kuma ke rina karas da manja da gwaiduwar ƙwan kazar gida. Tsutsa ta ci ganye, uwa ta kai tsutsar sheƙa, launin ya bi jini ya zauna a gashin da ke tsirowa. Gashi kuma in ya gama fitowa ya bushe ke nan, ba ya ƙara karɓar komai sai an sake wani.

A 1985, Tore Slagsvold da Jan Lifjeld sun nuna a Norway cewa 'ya'yan wata tsuntsuwa mai rawayan ƙirji sun fi launi a dajin da ke da faffaɗan ganye, inda tsutsa ta wadata. Masu binciken da suka biyo baya sun riƙa musanya 'ya'ya tsakanin sheƙuna, sai ga shi gidan da aka yi reno yana da babban rabo a launin. Amma kada a ɗora komai kan ciki. Mulufi rawaya yake ci, jikinsa ya juya ta zuwa ja, kuma a 2016 aka gano ƙwayar gadon da ke wannan aiki a tsuntsaye, CYP2J19. Wanda bai gaje ta ba, ko ya ƙoshi da tsutsa, a rawaya zai tsaya.

Masu kiwon kanari a Ingila sun riga malaman jami'a ganewa: tun wajen 1870 suka fara zuba jan barkono a abinci don gashi ya yi ruwan lemo. Namu masu kejin fa? Gero zalla, safe da yamma, sannan a ce tsuntsu ya koɗe. In kanarinka ya fara zubar da gashi, ka haɗa masa da ɗanyen ganye da 'yar gwaiduwa tun kafin sabon ya fito.