Silikon da Tawadar Ferobskait

Kusan duk farantin sola da ke kan rufin gidajenmu na silikon ne. Haɗa shi aikin wuta ne: a narka silikon a zafin da ya haura digiri 1,400, a zaro shi curi guda, a yayyanka shi siriri. A 1954 cibiyar binciken Bell ta Amurka ta fito da farantin da ke mai da kashi 6 cikin 100 na hasken rana lantarki, kuma tun daga nan ake ta gyara shi.

Shi kuwa ferobskait, wanda shi ma ake yin farantin sola da shi, narkar da sinadaransa ake yi su zama tawada, a buga a kan gilashi ko leda, a busar a zafin digiri 100 zuwa 150. Shafen ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Idan aka sauya yawan sinadaran aidin da buromin da ke ciki, launin hasken da yake sha ko fitarwa ya sauya, shi ya sa ake gwada shi a fitilun LED da na'urorin gano haske. Da Tsutomu Miyasaka na Japan ya fara sa shi a sola a 2009, kashi 3.8 ya samu. Yau an wuce 26. Wannan sauri abin jinjinawa ne.

Amma ni, juriya nake fara tambaya. Mai sayar da silikon yana ba da garantin shekara 25. Ferobskait ba ya shiri da danshi, zafi na ruguza shi, kai hasken da aka yi shi dominsa ma yana cin ƙarfinsa a hankali. Farantin da ya yini a ranar Sakkwato cikin watan Afrilu, sannan damina ta biyo baya, ba zai samu lallaɓar ɗakin gwaji ba. Ga kuma dalma a cikin mafi ingancinsa. Kaɗan ce, gaskiya, amma tana iya bin ruwa idan farantin ya fashe, kuma wanda ya tuna yaran Zamfara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 dole ya tambayi inda za a kai tsoffin faranti.

Masana'antu dai sun fara ɗora ferobskait a kan silikon, na sama ya sha shuɗin haske, na ƙasa ya sha ja. A 2024 kamfanin LONGi na Sin ya kai kashi 34.6 da wannan haɗi, kamfanin Oxford PV kuma ya aika kayansa na farko ga mai saye a Amurka daga masana'antarsa ta Jamus.