Laimar Damina Na Barazana Ga Jarin Masu Sassaƙar Ƙarfe A Yankin Mubi

MUBI, Jihar Adamawa. A garuruwan kan iyaka irin su Belel da ke Ƙaramar Hukumar Maiha, idan sandar injin niƙa ko ta famfon ban-ruwa ta cinye, sau da yawa mafita ita ce a kai ta wurin mai injin sassaƙar ƙarfe domin ya feƙe wata daidai da ita. Ribar wannan sana'a kuwa ta ta'allaƙa ne ga awo, domin kuskuren da bai kai kaurin gashi ba ya isa ya sa boris ya ƙi zama, a yi asarar ƙarfe da wuta da kuma yinin aiki.

Wannan ne ya sa na'urar awo mai lambobi, wadda ake ɗaura wa injin, ta zama abin sha'awa ga ƙananan masu sana'a da ma masu yin aikin a gida domin nishaɗi. Na'urar ta ƙunshi sandar awo da ake kafawa a jikin injin, da wani ɗan kai mai karatu wanda ke tafiya tare da teburin, sai kuma allon da ke nuna lambobi. Mafi yawansu suna iya nuna motsin kashi 5 cikin 1,000 na milimita. Tun da motsin teburin take karantawa kai tsaye, sakin da ke cikin zaren tsohon inji ba ya ruɗar mai aiki.

Kamfanoni irin su Heidenhain na Jamus da Mitutoyo na Japan da Newall na Ingila sun daɗe suna ƙera ta, amma masu araha da ake yi a ƙasar Sin su ne suka kawo ta kusa da aljihun ƙaramin mai shago. Duk da haka kaya ne na waje da ake saye da dala, kuma tun bayan da Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin naira a watan Yunin 2023, sayen madadin wadda ta lalace ya ƙara nauyi.

Babbar abokiyar gabar na'urar a wannan yanki ita ce laima. Damina a Mubi da kewaye takan ɗauki kimanin watan Mayu zuwa Oktoba. A shagon kwano, jikin inji yakan yi sanyi cikin dare, idan hantsi ya yi iska mai ɗumi da danshi ta sauka a kansa sai raɓa ta kwanta. Sandar awo ta gilashi da haske take aiki, saboda haka ɗigon ruwa ko mai a kan gilashin yakan sa lambobi su yi tsalle ko a tsallake ƙirga. Abin da ya fi muni shi ne allon zai ci gaba da nuna lamba, mai aiki ya amince da ita, sai an gama yanka sannan kuskure ya bayyana. Da rani kuma ƙurar hunturu takan haɗu da mai ta zama kamar yashi a cikin sandar.

Matakin farko na kariya shi ne zaɓe tun a wurin saye. Akwai lambar kariya ta ƙasa da ƙasa da ake rubutawa a takardar na'urar. Yawancin sandunan gilashi IP53 ne, wato suna jure ƙura da yayyafi daidai gwargwado. Waɗanda ke da IP67 kuwa ƙura ba ta shiga, kuma suna iya jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 har na minti 30. Yawancin sandunan maganaɗisu masu inganci suna cikin wannan rukuni, kuma su suka fi dacewa da shagon da ke yoyo ko injin da ake zuba wa ruwan sanyaya ƙarfe.

Mataki na biyu shi ne ɗauri. Dole a kafa sandar a miƙe daidai da hanyar teburin, a tabbatar da haka da agogon awo. Bakin sandar, inda leɓen roba yake, ya kalli ƙasa, ba wajen da ruwa da ɓarɓashi ke fantsama ba. A rufe ta da murfin alminiyam ko na kwano. Har ila yau a bar waya ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga allo, ta yadda ruwan da ya biyo ta zai ɗiga a ƙasa.

Mataki na uku kulawa ce ta yau da kullum. A rataye allon nesa da bango mai danshi. Idan an tashi aiki a lulluɓe injin da yadin auduga maimakon leda, domin leda takan tsare gumi a ciki. Ƙullin tsotse laima, irin wanda ake samu cikin kwalin takalmi, yana da amfani a akwatin allo. Kada a hura iska mai ƙarfi a bakin sandar, domin cusa datti take yi.

Bugu da ƙari, akwai batun wuta. Masu aiki da janareta su haɗa allon da na'urar daidaita ƙarfin wuta, su binne wayar ƙasa ta sosai, su kuma cire shi daga soket yayin walda a kusa ko lokacin tsawa.

Ga 'yan kasuwar da ke shigo da kayan, akwai wata dama a nan. Wanda ya haɗa sayarwa da ɗauri da murfi da kuma duba na'urar kafin faɗuwar damina zai riƙe abokan ciniki fiye da mai miƙa kwali kawai. Matasan da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi take yayewa za su iya ɗaukar wannan aiki a matsayin sana'a.

Ga mai shago kuwa, gwajin da ba ya cin ko kwabo shi ne ya auna wani ƙarfe da ya san tsawonsa kowace safiya a lokacin damina. Idan lambar ta saɓa, sai ya dakata ya bincika kafin ya ɗora aikin mai kaya a kan injin.