Murfin Bawul Ya Ƙi Kwancewa: Abin Da Ya Kamata Ku Sani

Duk mai bin hanyar Matamaye zuwa Ɗan Barto, ya ƙetare Kwangwalam ya nufi Daura, ya san yawan baburan da ke kai-komo a kanta, da ƙananan motoci masu ɗauke da kayan da suka fi ƙarfinsu. Masu babur mutane ne masu son kwalliya, kuma cikin kayan kwalliyar akwai ɗan murfin ƙarfe mai sheƙi, ja ko shuɗi ko ruwan zinare, da ake ɗaurawa a bakin bawul a madadin baƙin na roba da taya ta zo da shi. Damina ɗaya za ta wuce, a je wurin mai faci ƙarin iska, murfi ya kafe.

Dalilin yana cikin ƙarfen. Bakin bawul na yawancin motoci da babura tagulla ne, irin wanda kamfanin Schrader na Amurka ya yi wa rajista tun 1893, kuma har yau shi ake amfani da shi. Murafen kwalliya kuwa galibi alminiyam ne. Idan ƙarafa biyu daban suka manne da juna, ruwa kuma ya shiga tsakaninsu, sai ɗan lantarki ya riƙa gudana kamar yadda yake yi a cikin batir, kuma alminiyam ɗin ne ke cinyewa. Abin da ya ci yakan zama farin gari, garin nan ya cika haƙoran da ake murɗawa, ya ɗaure su gam. Ruwan taɓo na watan Agusta ya isa ya fara aikin, ruwan gishiri ko na kanwa ko na garin sabulun wankin mota kuwa sai ya ƙara masa sauri.

Masu motocin da suka zo daga Turai ta Kwatano suna da ƙarin abin lura. A can ana zuba gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, don haka wata motar da cutarta take isowa. Sannan tun 2007 a Amurka, da ƙarshen 2014 a Tarayyar Turai, doka ta ce sabbin ƙananan motoci su riƙa faɗakar da direba idan iskar taya ta ragu. A da yawansu na'urar da ke wannan aiki a gindin bawul take, cikin taya, kuma bakinta sau da yawa alminiyam ne. A nan murfin tagulla ne ke kafewa, in kuwa aka karya bakin, na'ura mai tsada aka karya.

Idan murfi ya kafe, kada a kama shi da filaya ɗaya a murɗa da ƙarfin tsiya. A babur mai tiyub gindin bawul ɗin zai yage daga jikin tiyub, wurin da faci ba ya kamawa. A mota kuma robar da ke riƙe da bawul ɗin za ta tsage, iska ta fice gaba ɗaya. Shi ya sa ya fi kyau a yi aikin a gaban mai faci, ba a tsakiyar daji ba.

A fara juya tayar har bawul ya koma sama, kansa na kallon ƙasa. A haka bakin murfin yana buɗe sama, man da aka ɗiga zai gangara cikinsa. A fesa WD-40 in akwai, in babu a ɗiga kananzir kaɗan, a bar shi rabin awa, in da hali ma ya kwana. Daga nan a naɗe jikin bawul da tsumma a riƙe shi da filaya ɗaya don kada ya motsa, a kama murfin da ta biyu. A ɗan murɗa dama tukuna kamar za a ƙara ɗaurewa, sannan hagu, a yi ta kai-da-kawowa a hankali har garin ya farfashe. Kada a matse filayar sosai, domin alminiyam yana da laushi, yana lotsewa ya ƙara cizon haƙoran.

In ya ƙi, sai a yanka shi. A sa bakin ƙaramin zarto ko magagari a tsaga gefen murfin daga sama zuwa ƙasa, sannu-sannu, da zarar launin tagulla ya leƙo a tsaya, a sa sukundireba a tsagar a ɓanɓare. Wuta kam kada a kusanto da ita, roba ce a ƙasa. Idan haƙoran sun lalace a canja bawul ɗin, na roba ba shi da tsada. Bayan an gama a goge man tas, don kananzir yana lalata roba, a wanke haƙoran da tsohon buroshi, a shafa ruwan sabulu a baki a duba ko zai yi kumfa.

Ni dai shawarata a koma wa murfin roba. Ba ya tsatsa, in ma ya ƙi fita matsa ɗaya ta fasa shi. Wanda ya dage sai na ƙarfe ya nemi mai roba a ciki, ya shafa ɗan giris ko basilin a haƙoran, ya ɗaure da yatsu kawai, ya riƙa kwancewa duk wata. Amma kada a bar bawul haka nan ba murfi. Ƙurar hunturu da rairayin hanyoyin ƙauye suna taruwa a kan ƴar allurar ciki, ranar da aka buga iska a tura su can inda take toshewa, daga nan taya ta fara sacewa ba ƙusa ba ƙaya.

Abin da ya fi damuna shi ne mutumin da murfinsa ya kafe yakan daina duba iska ɗungurungum. Taya kuwa tana rage iska da kanta ko ba ta huje ba, kuma mai ƙarancin iska, ga lodi, ga zafin kwalta na Afrilu da Mayu, ita ce ke ɗaukar zafi ta fashe ana cikin gudu. A auna da safe kafin taya ta yi zafi. Adadin da ya dace da mota yana rubuce a jikin ƙofar direba ko murfin tanki, kuma mai ƙetare iyaka ya sani cewa ma'aunin da ya nuna 2.2 da wanda ya nuna 32 iska ɗaya suke faɗa.