Yadda Ake Buɗe Faifan Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi

A aikin shimfiɗa zaren intanet na ƙetare Sahara, wanda Bankin Raya Ƙasashen Afirka ya amince ya zuba wa kuɗi a ƙarshen 2016, kason Nijar kilomita 1,031 ne. Daga ciki akwai reshe mai kilomita 116 da aka tsara ya taso daga Damagaram, ya ratsa Magarya, ya dangana da Tinkim a bakin iyakar Najeriya. Aikin ya haɗa da gina babbar cibiyar ajiyar bayanai ta ƙasa a Yamai. Mai waya a hannu abu biyu ne damuwarsa: rezo ya ƙara ƙarfi, kuɗin shiga intanet ya sauka. Wanda ke riƙe da rajistar haihuwa a ma'aikatar magajin gari ta Wacha ko Malawa, shi tambayarsa daban ce. A ina bayanan za su kwana? Ranar da na'ura ta ƙi tashi, ta wace ƙofa za a shiga a ɗebo su?

Tambayar ba ta ƴan boko kaɗai ba ce. Tun da aka yanke Dungas daga Magarya ta zama gunduma a 2011, ofisoshi suka ƙaru, takardu suka ƙaru. Ma'aikatar lafiya ta ƙasa tana tattara ƙididdigarta da manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagorantar haɓaka ta. Sashen yara na asibitin Magarya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafawa tun 2005, yakan cika maƙil idan damina ta kawo zazzaɓin cizon sauro, kuma kowane yaro da aka kwantar yana da suna da nauyi da magani da dole a rubuta. A duniyar yau, manyan manhajojin da ke riƙe irin waɗannan bayanai galibi ba a kan ƙarfen na'ura kai tsaye ake ɗora su ba. Ana ɗora su ne a kan abin da za a iya kira baƙuwar kwamfuta.

Baƙuwar kwamfuta manhaja ce da ke kwaikwayon cikakkiyar kwamfuta a cikin wata. Na'ura guda mai ƙarfi, mai masauki ke nan, tana iya ɗaukar baƙi biyar ko goma, wannan yana tafiya da Windows, wancan da Linux, kowa yana ganin shi kaɗai ne a gidan. Dabarar ta tsufa: kamfanin IBM ya fara ta tun shekarun 1960. VMware, da aka kafa a 1998, ya kawo ta kan kwamfutocin gama-gari. Wani Bafaranshe, Fabrice Bellard, ya fitar da QEMU kyauta a 2003, sannan a 2007 aka saka KVM a zuciyar Linux, abin ya zama na kowa. Proxmox, da wani kamfanin ƙasar Austiriya ke bayarwa kyauta tun 2008, a kan waɗannan biyun yake tsaye.

Abin da ya fi ba sabon shiga mamaki shi ne faifan baƙuwar. Tana ganin tana da faifai mai gigabait 100, da ɓangarorinsa da komai. A wurin mai masauki kuwa, wannan faifan duk fayil ɗaya ne tak, ajiye a wata kusurwa. Ana iya kwafe shi, ana iya goge shi da kuskuren yatsa guda.

Sai dai ba fayil ne da ake danna wa sau biyu ya buɗe ba. Kowane gida da nasa salon ƙunshin: QEMU yana da qcow2, VMware yana da VMDK, Microsoft yana da VHDX, VirtualBox yana da VDI. Qcow2, alal misali, ba ya cin wuri sai gwargwadon abin da aka rubuta. Faifan da ake ce wa na gigabait 100 yana iya zama 12 kacal a zahiri. Yana yanka bayanai gutsi-gutsi, yawanci kilobait 64 kowanne, ya jera su yadda suka zo, ya riƙe wani jadawali da ke faɗin inda kowane guntu yake. Wani lokaci ma rabin bayanan suna cikin wani fayil na daban da wannan ya jingina da shi. Wanda bai san karatun jadawalin ba, shirme kawai zai gani.

A nan ne fitar da faifai ta shigo. Maimakon a tayar da baƙuwar, sai a sa wata ƙaramar manhaja da ta san salon ƙunshin ta tsaya tsakani. Ita ce ke karanta jadawalin, ta miƙa wa mai nema abin da ke ciki tamkar faifai na gaske.

Hanyar da ta fi shahara ita ce NBD, wadda Pavel Machek, ɗan ƙasar Cek, ya rubuta wa Linux a 1997. Sauƙinta ne ya sa ta daɗe. Mai nema yana cewa: daga wuri kaza, ba ni tsawon kaza. Ko: a wuri kaza, rubuta wannan. Ko: tabbatar duk abin da na ba ka ya sauka kan faifai. Kusan maganar ke nan. Kamar rumbun hatsi ne da mai gadi a bakinsa: ba a ɗaukar rumbu a kai gida, ana faɗin tiya nawa ake so, a auna a miƙo. Mai gadin bai damu da ko tuwo za a yi ko fura ba. Haka NBD ba ta san fayil ba, ba ta san suna ba, guntaye kawai take aunawa. Ƙofarta a rezo mai lamba 10809 ce. Akwai ƴar uwarta, iSCSI, da aka daidaita ƙa'idarta a 2004, wadda manyan ma'ajiyai suka fi so, kuma Windows ya san ta tun daga gida. Ta fi NBD kayan ado, ta fi ta wahalar saiti.

Ba dole ne sai an ƙetare rezo ba. A na'ura guda, umarnin qemu-nbd yana iya jona fayil ɗin ya fito a matsayin /dev/nbd0, Linux ta gan shi kamar an soka sabon faifai, a ɗaura ɓangaren da ake so a shiga. Akwai kuma FUSE, dabarar Miklos Szeredi da ta shiga Linux a 2005, wadda ke barin manhaja ta gama-gari ta gabatar da fayiloli ba tare da ta taɓa zuciyar na'ura ba. Daga 2020 QEMU ya zo da qemu-storage-daemon, wanda aikinsa kawai riƙe faifai da fitar da su, babu wata baƙuwa a kunne. A 2021, da fitowar QEMU 6.0, aka ba shi ikon amfani da FUSE: fayil na qcow2 sai ya bayyana a matsayin ɗanyen faifai, kowace manhaja ta iya karanta shi ko da ba ta taɓa jin sunan qcow2 ba.

A ce a wani ofishi wuta ta ɗauke tsakiyar aiki, batirin ajiya ya riga ya mutu tun bara ba a canja ba. Mutanen yankin ba sa bukatar a kwatanta musu wannan. A watan Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take bai wa Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha, ba a maido ba sai a Maris 2024. To wuta ta dawo, mai masauki ya tashi lafiya, baƙuwar da ke riƙe rajista ta tsaya a baƙin allo. Mai gaggawa zai ce a sake zuba Windows, wato a share komai. Wanda ya san aikinsa zai fara kwafe fayil ɗin faifan gefe guda, ya fitar da kwafin da sharaɗin karatu kawai, ya ɗaura shi, ya kwashe ma'ajiyar bayanan zuwa wani wuri. Sau da yawa abin da ya lalace ƴan fayilolin tayar da na'ura ne, rajistar tana nan yadda aka bar ta. Gyaran baƙuwar sai ya biyo baya, cikin natsuwa.

Da wannan hanyar ake ƙaura ma. Tun da kamfanin Broadcom ya saye VMware a Nuwamba 2023 ya daina sayar da lasisin dindindin, ma'aikatu da dama suka fara kwashe kayansu zuwa KVM. Manhajar virt-v2v, mai yin wannan jigila, tana jawo faifan VMware ta rezo da taimakon nbdkit, aikin Richard Jones na kamfanin Red Hat.

Haɗarin farko shi ne hannu biyu a faifai ɗaya. Tsarin jera fayiloli irin NTFS na Windows ko ext4 na Linux an gina shi ne bisa zaton na'ura guda ke rubutu. Idan baƙuwar tana kunne, wani kuma ya ɗaura faifanta daga waje yana rubutawa, kowannensu zai riƙe nasa lissafin na wuraren da babu komai, su dinga rubutu a kan na juna. Ɓarnar ba ta nuna kanta nan take. Sai bayan kwanaki a buɗe takarda a tarar da rabinta ya zama wani abu. Tun QEMU 2.10, a 2017, ana sa wa fayil kulle, manhajar ta ƙi buɗe faifan da ke hannun wani. Akwai umarnin tsallake kullen, kuma intanet cike take da masu ba da shawarar a tsallake. Mai bin wannan shawara a kan faifan da ke aiki, shi ya sayi wahalarsa da kuɗinsa.

Na biyu ya fi muni don shiru yake yi. NBD a yadda take, ba ta tambayar suna, ba ta tambayar kalmar sirri, ba ta rufe abin da ke wucewa. Qemu-nbd kuma, idan ba a gaya masa inda zai tsaya ba, yana sauraron duk hanyoyin rezon na'urar. Ma'ana duk wanda ke kan wifi ɗin ofis, in ya san ƙofar, faifan gaba ɗaya na hannunsa, har da kalmomin sirrin da ke ciki. Maganin yana nan: a tsare ƙofar a cikin na'urar kaɗai, ko a sa TLS mai rufe bayanai da tantance mai nema, ko a bi da ita ta cikin SSH. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, an kuma kafa hukumar HAPDP don sa ido a kai. Sunan majinyaci da cutarsa ba kayan bari a buɗe ba ne.

Faifan da ba a san asalinsa ba kuma, kada a ɗaura shi kai tsaye a kan mai masauki, domin faifan da aka shirya da mugunta yana iya kayar da zuciyar Linux. Manhajar libguestfs tana buɗe irinsa a cikin wata ƴar ƙaramar baƙuwa, in ma akwai sharri ya ƙare a can.

Saura maganar nisa, inda masu tallan kaya kan yi shiru. Tunda faifai yana bin rezo, me zai hana a ajiye shi a Yamai, kwamfutar Magarya ta dinga aiki da shi daga can? Lissafi ne zai hana. Haske a cikin zaren gilashi yana cin kilomita 200 a kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Daga Magarya zuwa Yamai ta hanyar mota kusan kilomita 1,000 ne, zuwa da dawowa 2,000, wato kashi 10 cikin dubu na sakan ga kowace tambaya, kafin a lissafa jinkirin na'urorin kan hanya. Faifan zamani da ke cikin na'ura yana amsawa a ƙasa da kashi ɗaya. A ce manhaja tana bukatar ƙananan karatu 10,000 ɗaya bayan ɗaya: ta zare, sakan 100 ne. Ta tsohon tauraron ɗan'adam mai nisan kilomita 36,000, inda kowace amsa ke cin fiye da rabin sakan, an doshi awa ɗaya da rabi. In kuma mai haƙa rami ya tsinke zaren ana tsakiyar rubutu, baƙuwar za ta ga kamar an fizge mata faifai.

Abin da doguwar hanya ta dace da shi shi ne ajiyar ko-ta-kwana, kuma a nan QEMU ya yi abin a yaba. Yana iya riƙe wata taswira da ke yi wa kowane guntu alama da zarar an rubuta a kansa. Da dare, sai ya tsayar da hoton faifan na wannan lokacin, baƙuwar na ci gaba da aikinta, ya fitar da hoton ta NBD tare da taswirar. Mai kwafa sai ya ɗauki guntayen da suka canja kawai. Faifai mai gigabait 50 a layi mai megabit 10 yana cin awa 11. Idan abin da ya canja a yini megabait 300 ne, minti 4 ya isa. Wahalar a kwafin farko take, shi kuwa ana iya zuba shi a faifan hannu a ba amintacce ya kai a mota.

Ajiyar nesa ba ta maye gurbin ta kusa, ta kusa ma ba ta maye gurbin ta nesa. A ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, waɗansu masu hulɗa suka rasa bayanansu har abada domin kwafinsu yana wuri ɗaya da na asali. A Fabrairu 2023 masu garkuwa da bayanai suka afka wa dubban na'urorin VMware da ba a sabunta ba, suka kulle fayilolin faifan baƙi suna neman fansa. Kwafin da ke jone da na'ura dare da rana yana iya tafiya tare da ita.

Shugaban ofis a Magarya ko Dungas ba sai ya iya rubuta umarni ko ɗaya ba. Ya kira mai kula da na'urorinsa, ya tambaye shi inda fayil ɗin faifan yake, da inda kwafinsa yake, da wanda ke iya kaiwa gare shi ta rezo. Sannan ya ce a fitar da kwafin makon jiya da sharaɗin karatu kawai, a buɗe masa takarda guda daga ciki a gabansa. In ta buɗe, a sa ranar da za a maimaita gwajin. In ba ta buɗe ba, a gyara tun yau, kafin ɗaukewar wuta ta gaba.