Sauya Faifan Na'urar Gano Ƙarfe: Babba Ba Kullum Ya Fi Ba

A Ingila akwai mutanen da ke shafe hutun ƙarshen mako suna yawo a gonaki da na'urar gano ƙarfe, suna neman tsofaffin tsabar kuɗi don sha'awa. Ta haka Terry Herbert ya gano tarin zinariyar Staffordshire a 2009, wanda aka yi wa kuɗi sama da fam miliyan 3. Da zarar hannun mai wannan sha'awa ya faɗa, abin da yakan fara tunanin sauyawa shi ne koyil, wato faifan da ke ƙasan sandar na'urar.

A cikin faifan akwai naɗin waya guda biyu. Ɗaya yana tura maganaɗisu cikin ƙasa, ɗayan kuma yana karɓar amsar da ƙarfe ya mayar. Saboda haka girma da siffar faifan ne ke iyakance abin da na'urar za ta iya ji.

Misali, Garrett Ace 250 tana zuwa da faifai mai inci 6.5 da 9, tana kuma aiki a kan mitar 6.5 kHz. Kamfanoni irin su NEL na Yukiren da Detech na Bulgeriya da Coiltek na Ostireliya suna ƙera faifan da za a ɗaura wa na'urorin wasu kamfanoni. NEL Tornado, mai inci 12 da 13, yana cikin waɗanda suka yi suna.

Babban faifai yana kai wa zurfi idan abin da ke binne babba ne, yana kuma share fili da sauri. Sai dai yana da nauyi, yana kwasar hayaniyar wayoyin lantarki, kuma ƙananan abubuwa kan kuɓuce masa. A wurin da ƙusoshi suka yi yawa, yakan ji ƙusa da tsaba lokaci guda, sai ƙarar ƙusar ta danne ta tsabar. A irin wannan wuri ƙaramin faifai mai inci 5 ko 6 ya fi amfani.

Siffar naɗin ma tana da tasiri. Mai zobe cikin zobe ya fi nuna daidai inda abu yake. Samfurin DD, wanda naɗinsa biyu suka hau juna, ya fi jure ƙasa mai yawan ma'adanin ƙarfe. Wannan ya shafi masu neman zinariya a Sudan da yankin Djado na Nijar, inda aka yi tururuwa a 2014 da irin waɗannan na'urori.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen saye. Ana ƙera kowane faifai ne daidai da mita da soket na na'ura takamaimai, don haka shigar soket ba ta nufin zai yi aiki. Faifan Minelab Equinox ma yana da ɗan guntun cip a ciki, shi ya sa sai wanda aka yi da izinin kamfanin, kamar na Coiltek, yake aiki da ita.

Bayan an ɗaura sabon faifai, sai a naɗe wayarsa tsaf a jikin sanda, a sake daidaita na'urar da ƙasar wurin, a rage ƙarfin jinta idan tana yawan ƙara. Sannan a binne tsaba a zurfi daban-daban, a gwada tsohon faifai da sabo a wuri ɗaya. Wannan gwajin ne zai nuna ko kuɗin da aka kashe ya yi amfani.