Gidan Dutsen Kajuru: Tsoho Ne Ko Shigar Tsofaffi Ya Yi?

Duk lokacin da aka taso da zancen inda ya kamata a kai mu ziyarar ƙaro ilimi, sai an sami mai cewa Kajuru. Da yawanmu mun ga hotonsa a waya: wani ƙasaitaccen gini na dutse a kan tsauni, ga hasumiyoyi, ga katanga mai haƙora kamar ta finafinan yaƙin Turawan da. Wasu har rantsuwa suke yi wai ya shekara ɗari biyar. To, ba haka ba ne. Akwai malamai a wannan makaranta da suka girme shi.

Ginin da ake kira Kajuru Castle yana ƙaramar hukumar Kajuru, kimanin kilomita 45 daga garin Kaduna, idan aka bi hanyar Kachia ta Sabon Tasha da Kujama. Wani Bajamushe mai suna Gerhard Huebner, wanda ya zauna a Kaduna, shi ya gina shi a shekarun 1980. Ya kwaikwayi fasalin kagarun ƙasarsu ne, ya yi katanga da baƙin dutse mai kaurin kusan mita ɗaya, ya yi ɗakin ajiye makamai da ɗakuna masu siffar kurkuku. Sai dai a cikin waɗannan kurkukun baƙi ake saukewa, kuma a tsakar gidan akwai wurin ninƙaya. Wurin shaƙatawa ne mai zaman kansa, ba a shiga sai an nemi izini tun da wuri.

Menene asalin abin da ya kwaikwaya? A Turai akwai wani zamani da masana tarihi ke kira tsakiyar zamani, daga wajen shekara ta 500 zuwa 1500 Miladiyya. A ƙarnonin baya na wannan zamani kusan kowane basarake yana gina wa kansa kagara, wato gida mai ganuwa inda zai zauna da iyalinsa da dakarunsa. Sun fi son kan tudu saboda dalilin da ko yaro zai gane: na sama yana hango abokin gaba tun yana nesa, shi kuwa na ƙasa kafin ya hauro da sulke da garkuwa ya gaji, ga kibau da duwatsu ana yi masa ruwansu. Shi ya sa tagoginsu sirara ne kamar tsagar asusu, maharbi ya harbo kibiya amma ba a iya samunsa. Haƙoran nan na saman katanga ma ba ado ba ne, wurin fakewa ne. Abin da ya fi damun mazauna irin wannan gida shi ne ruwa, domin idan aka yi musu ƙawanya na watanni, ƙishirwa kan ci su da yaƙi kafin takobi. Don haka sai sun haƙa rijiya mai zurfi cikin dutse ko sun tanadi ruwan sama. Har yau akwai na ainihi a tsaye, kamar Hohensalzburg a ƙasar Ostiriya wadda aka fara ginawa a 1077, da Marksburg a bakin kogin Rhine a Jamus, wadda ba a taɓa rushe ta ba. Zuwan igwa ne ya rage musu amfani.

A daidai wancan zamani mu ma kakanninmu suna gina nasu, amma da tunani dabam. Bature ya kewaye gidan mutum ɗaya, Bahaushe kuwa ya kewaye gari ɗungurungum, har da gonaki da kududdufai da wurin kiwo, yadda ko an rufe ƙofofi talaka zai yi noma ya ci. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar birnin, aka ƙara faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Kuma ba su manta da tudu ba: Dala da Gwauron Dutse duk suna cikin badala. A wajen ganuwa akan haƙa gwalalo, wato rami mai zurfi, da ƙasar da aka tono ake ɗaga ginin, a bar sarƙaƙiya ta cika ramin don kada doki ya tsallaka. Ƙofa kuma a matse take, masu gadi na rufe ta da dare. Ita ma ganuwar Kano igwa ce ta karya lagonta, lokacin da sojojin Ingila suka ci birnin a watan Fabrairun 1903.

A jiharmu ma ba sai mun je nesa ba. Turunku, a ƙaramar hukumar Igabi, tsohon mazaunin sarautar Zazzau ne a gindin duwatsu, kuma da shi ake danganta Bakwa Turunku da Sarauniya Amina. Dutsen Kufena na kusa da Wusasa shi ma tsohon mazauni ne tun kafin birnin Zariya na yanzu ya bunƙasa. Birnin kansa yana da ganuwa da ƙofofi irin su Ƙofar Doka, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan da Ƙofar Tukur-Tukur. Abin takaici, da jar ƙasa aka yi su, ita kuwa ƙasa sai da yaɓe duk shekara. Tun da aka daina aikin gayya na gyaran ganuwa, damina na cin nata, masu ɗibar ƙasa da masu gine-gine na cin nasu. Saboda haka na Kajuru da aka gina a shekarun 1980 yana nan garau, namu masu ɗaruruwan shekaru a wasu wuraren sai an nuna maka za ka san ba tudun banza ba ne.

Akwai kuma maganar tsaro, wadda bai kamata a ɓoye ba. A watan Afrilun 2019 'yan bindiga sun kai hari gidan na Kajuru, suka kashe mutum biyu. Babu ɗalibin da ya kamata ya kama hanya shi kaɗai ko da abokai don ɗaukar hoto. Hukuncin tafiya yana hannun hukumar makaranta da iyaye, bayan sun tuntuɓi jami'an tsaro.

A ra'ayin wannan ƙungiya tamu, idan motar haya ɗaya ce za a samu a bana, a nufi Zariya. Kilomita 80 ne ko kusa da haka, ana zuwa a dawo Tudun Wada kafin magariba. Wanda ya je ya riƙe littafi da biro, ya auna kaurin ganuwa da takunsa, ya duba ko zai gano inda gwalalo yake, ya tambayi dattawan unguwa daga ina sunan ƙofarsu ya samo asali. Duk wanda ya rubuto abin da aka faɗa masa, za mu liƙa shi a wannan allo a fitowa ta gaba.